Tambayar Likita Bayan Rasuwar Sadiƙu

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa.

Ranar Laraba, makon farko na azumin bana, ɗana Sadiƙu ya rasu sakamakon ciwon ƙoda. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar arba'in, likitar asibitin unguwarmu ta nemi ganin iyalina gaba ɗaya. Ta tambayi ciwon da mahaifina ya rasu da shi. Na ce mu dai ajali muka sani. Sai mahaifiyata ta ce, "Ƙafafunsa sun kumbura, irin na Sadiƙu."

Likitar ta ce ciwon na iya zama na gado, sai aka auna duk wanda ya je. Aka gano hawan jini a jikin 'yata Maryam tun bai taɓa ƙodarta ba, kuma ta fara shan magani. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.

Masu sauraro, ina neman shawararku. Ƙanena da ke Kinkinau ya ce lafiyarsa ƙalau. Har yau bai yarda an auna shi ba.