Wa Ya Ciro Wa Daga Ruwa

A rumfar gyaran waya wani tsoho ya baje a benci yana kaɗa ƙafa, mai gyaran tana duba wayarsa.

"Baba, wayar nan ta kusa mutuwa, ma'ajiyarka ta intanet kuma saura ɗan wuri. Zaɓi abin da zan ɗora maka, sauran sai haƙuri."

"Hotunan tabona, 'yata, guda arba'in ne. Ni da kike gani kwalekwale ya kife da mu, na yi iyo da karyayyen hannu, har abokina na ciro."

"Wannan dogon saƙon muryar fa?"

Ta danna. Muryar wani tsoho ta cika rumfar: "Kai matsoraci, ni na jawo ka da wuyan riga, kana ta kiran innarka."

Ta kwashe da dariya. Tsohon ya fi ta, har hularsa ta faɗi.

"Shi ne abokin nawa. Maƙaryaci ne tun muna yara, Allah ya jiƙansa."

"To in bar shi ya bi wayar?"

"A'a, shi za ki fara ɗorawa. In ya tafi, wa kuma zai ƙaryata ni?"