Kalmar da Na Ji Kunyar Rubutawa

Laraba, aikin farko: guge farar riga, sake karanta jawabi.

Mai girma shugaban zama, Togbi uban unguwarmu, 'yan majalisa, iyayena mata na kasuwar Be, jama'ar Lome da kuka hallara, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba Komla mai gyaran rediyo dama, ko da yake ban tabbata na cancanta ba.

Na farko, ni na rubuta takardar koken da ke gabanku, ni na zaga da ita. Mun yi ta ne saboda sabon wurin nan na bakin titi, inda ake rawar tsiraici daura da makarantar yaranmu. Amma da na ɗauki biro, kunya ta hana ni rubuta "tsiraici", sai na sa "gidajen rawa". Majalisa ta bi kalmata, ta dakatar da lasisi biyu: na wancan wuri, da na gidan rawar tsohuwarmu Da Ayele.

Na biyu, wa bai san gidan Da Ayele ba? A can mahaifina ya fara ganin mahaifiyata, wata Lahadi da la'asar, da takalmin aro a ƙafarsa. A can muke shagalin aure, a can muke taruwa bayan jana'iza. Har watan jiya tsofaffin masu busa suna hawa dandamali, ana soya doya, dattijo Fo Kodzo yana rawa da sandarsa. Ko ɗankwali ba a taɓa cirewa a gidan nan ba.

Jiya na je ba ta haƙuri. Ta ce, "Komla, ni da na goya ka uwarka tana rawa? Shekarata saba'in da huɗu, tsiraicin wa za a zo kallo, nawa?" Masu suya suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Na uku, roƙo ne. Mai filin ya ce in wata ya ƙare ƙofa a rufe, masu gareji zai ba. Ku raba gidajen biyu, ku mayar mata da lasisinta. Kuskuren nawa ne, kada ya faɗa kanta.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya tsare yaranmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe.

Gobe:
Rubuta sabon koke, da kalmar a fili.
Bin gidaje arba'in da ɗayan da suka sa hannu a na farko, su sake sawa.
Faɗa wa Mama. Har yanzu ba ta san ni ne na rubuta koken ba.