Kwaɗon Drum

A tashar mota ta Zinder, bakin Sallau, manomi daga Dakusa, ya ƙi rufuwa, har matar da ke gefensa a benci ta tanka.

"Malam, wannan murna fa?"

"Hajiya, yau muka kafa ƙungiya! Manoman ƙauyuka da na birni, magazar gero ɗaya, wato ɗakin ajiya, a nan Zinder. Amma mun ce kowane gari da kwaɗonsa a ƙofar. Ba a buɗewa sai kowa ya zo da mabuɗinsa."

"Ai wannan wahala ce. Mu 'yan birni mun fi ku buhuna, a bar mana mabuɗin. In yunwa ta zo, sai a zauna jiran mai amalanke?"

"Gara jira da a raba babu mu. Kakanninmu sun sha kai gero birni su dawo da godiya."

"Tsohon zance. Tsoro ya yi muku yawa a ƙauye."

"To, mutanen ƙauyen Drum ra'ayinki suka bi. Sun yafe nasu kwaɗon."

Ta miƙe zumbur, mayafinta ya zame.

"Drum? Wa ya ba su izini? Gonar ubana tana can!"

"Zauna, 'yar birni," in ji Sallau. "Ran Lahadi za mu sake taro. Ki zo da kwaɗo."