Tsakanin "Ya Karatu" da "Ya Aiki"

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugabar wannan kwaleji da mataimakanta. Malamai maza da mata, waɗanda suka ƙarar da muryoyinsu a kan 'ya'yanmu. Manyan baƙi da ke kan dandamali. 'Yan'uwana iyaye, na cikin inuwa da waɗanda rana ta samu a can baya. Sannan ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, masu ƙaguwa a gama surutu a ɗauki hoto: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga shugabar kwaleji da ta yarda ta miƙa wa kafinta abin magana. Kujerun da kuke zaune a kai, yawancinsu hannuna ne ya haɗa su. Duk wanda tasa take girgiɗi ya yi haƙuri, ya same ni bayan taro. Ni bakina ya fi sabawa da riƙe ƙusa fiye da jera zance. Na kuma san yau ranar murna ce, abin da na zo da shi kuwa ba na murna ba ne. Zan yi magana ne a kan yaranmu da ke kashe kansu bayan sun gama karatu, domin saura ƙiris ɗana ya zama ɗaya daga cikinsu. Shi da kansa ya ba ni izinin faɗa.

Abu na farko da nake so mu duba shi ne gaisuwarmu. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma kowa da irin tasa. Ɗan makaranta a ce masa, "Ya karatu?" Ma'aikaci, "Ya aiki?" Mai shago, "Ya kasuwa?" Magidanci, "Ya iyali?" Ko wanda aka yi wa rasuwa yana da tasa, a ce masa, "Ya haƙuri?" To, ina tambayar wannan taro mai albarka: yaron da ya gama karatu, bai samu aiki ba, ba shi da shago, ba shi da iyali, kuma a ido lafiyarsa ƙalau, me ake ce masa? Shekara huɗu ke nan ina neman wannan gaisuwa a bakin mutane, ban ji ta ba.

Ɗana ɗaya ne tilo. Mahaifiyarsa ta rasu yana aji uku na firamare, muka rage daga ni sai shi a ɗaki biyu da tsakar gida. Tun yana ƙarami ya kwance mini rediyo ya kasa mayarwa, daga ranar na laƙaba masa Injiniya, unguwa ta karɓa, har aka manta sunansa na gaskiya. Na haɗa masa teburin karatu da katako mafi kyau da ya taɓa shiga shagona, mai aljihu biyu, na goge shi har yana ɗaukar ido. Kowace safiya kafin in fita sai in leƙa in ce, "Injiniya, ya karatu?" Shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Shekara goma sha shida muna haka. Ban taɓa sanin cewa wannan 'yar gaisuwa ita ce duk hirar da ke tsakaninmu ba.

A wannan fili aka yaye shi, a kan irin waɗannan kujeru, ni kuma ina can baya ina washe baki kamar ni aka ba takardar. Washegari da safe na leƙa ɗakinsa, na buɗe baki, sai na ga maganar ba ta da wurin zama. Karatu ya ƙare. Na ce, "An tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Na wuce shago.

A waje kuwa gaisuwa ta samu, amma mai ƙaya. Mai shagon bakin layi ya ce, "Injiniya, an samu kuwa?" Tela ya ce, "Injiniya, yaushe za a gina mana gada?" A yi dariya, shi ma ya yi. Wallahi babu wanda ya nufe shi da mugunta, wasa ne irin namu. Amma ku ƙirga: daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi akwai mutum bakwai masu wannan tambaya, kuma kullum amsar ɗaya ce. Ya kai takardun neman aiki wurare da yawa, wasu suka ce za su kira, wasu ko kallonsa ba su yi ba. Abokan karatunsa suka watse, kowa ya kama gabansa, wayar da a da ba ta hutawa ta koma sai ta yini ba ta yi motsi ba. Ya fara zagayawa ta bayan layi don kada a gaishe shi. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya.

Ni kuma, uban da ke ganin kansa mai hankali, sai na yanke shawarar kada in ƙara masa nauyi. Na daina tambayarsa komai. In dawo da yamma da garin katako a gashina, in tarar da ƙofarsa a rufe, in ci abincina ni kaɗai a tsakar gida, shi yana ciki shi kaɗai, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ɗauka shiruna tausayi ne. Shi kuwa ya ɗauka na fid da rai da shi ne, har ba na son ganinsa.

Abu na biyu, alamomi. Duk sun bayyana a gabana, kuma duk na karanta su a baibai. Kwanon da na rufe masa da safe in dawo in tarar da shi yadda na bar shi, na ce ƙyuya ce. Barcin rana har la'asar, na ce lalaci ne irin na 'yan zamani. Ya ce mini, "Baba, don Allah a daina kirana Injiniya," na ce ai suna ne mai albarka. Wata rana ya ce, "Da ba ni, da ka huta." Na ce, "Kai, daina shirme," na ɗauki gudumata na fita. Ina jin kunyar wannan amsa har gobe.

Sai kuma wata safiya na ga ya sake. Ya yi wanka, ya share ɗakinsa tas, ya mayar da littattafan da ya aro, ya bi maƙwabta yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Teburin nan da na haɗa masa, ya ɗauka ya kai wa yaran gidan da ke kallonmu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yaro ya yi hankali, har kyauta ya koya.

Allah ya taimake ni da ƙanwata, goggonsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Ta biyo ta shago da hantsi a ranar, ni kuma ina yanka katako ina ba ta labari da fara'a. Sai ta ce, "Yaya, ajiye zarton nan. Wanda ya yi wata tara a ɗaki, ya tashi rana ɗaya yana rabon kayansa yana bin mutane da gaisuwa, ba warkewa ya yi ba. Sallama yake yi." Na ce, "Ke fa kin cika fassara." Ta ce, "Rufe shagon. Je ka tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, da waɗannan kalmomi, kada ka kewaya." Na ce, "In saka masa abin da babu a ransa?" Ta ce, "Tambaya ba ta saka shi. In yana nan, ƙofa ka buɗe masa. In babu, ya san ka damu da shi. Kuma Yaya, na san halinka: kada ka yi masa wa'azi, kada ka yi masa faɗa. Ka zauna ka ji. Ina bayanka."

Wannan ya kawo ni abu na uku, wato tambayar kanta. Na isa gida rana tsaka, lokacin da ban taɓa dawowa ba. Ɗakin fes, inda teburin yake sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Yana zaune a bakin katifa, takardunsa na makaranta a cikin ambulan, ya rubuta sunana a bayanta. Jama'a, na ɗauki katakon da mutum biyu ke ɗauka, amma ban taɓa ɗaga abu mai nauyin wannan tambaya ba. Na zauna a ƙasa, na kira shi da sunan da mahaifiyarsa take kiransa, na ce, "Kana tunanin kashe kanka ne?"

Can ya ce, "Na gaji, Baba. Kowa yana da inda ake jiransa da safe, ban da ni." Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Faɗa ya taso, na haɗiye. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ban sani ba. Ka yafe mini, ban tambaya ba." Muka zauna a wurin muna kuka, gardawa biyu, har goggonsa ta yi sallama.

Abu na huɗu shi ne abin da ya biyo baya, domin tambaya ba ita ce ƙarshe ba. A ranar muka kai shi wurin likita, likita ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo, yana da magani, yana kuma buƙatar lokaci. Goggonsa ta bi gidan ta kwashe duk abin da zai iya zama haɗari. Muka yi makonni ba mu bar shi shi kaɗai ba. Addu'a muna yi, magani yana sha, ganin likita ba ma fashi, babu wanda ya hana wani. Na je na roƙi maƙwabta suka dawo da teburin, na kai shi shago na ajiye kusa da taga. Yanzu shi ke zana mini fasalin kaya kafin in yanka, ranar da ya iya fitowa. Wata ranar ba ya iyawa.

A nan ne na samo gaisuwar da zan riƙa yi masa. Tunda likita ya ce ciwo ne, sai na koma cewa, "Ya jiki?" Kun san amsar da muka gada: ko mutum yana kan gadon asibiti ba ya iya ɗaga kai, sai ya ce, "Da sauƙi." Wata biyu yana ce mini da sauƙi, ni kuma hankalina bai kwanta ba, don irin wannan amsa ce ta kusa raba ni da shi. Sai wata safiya ya dube ni ya ce, "Baba, yau babu sauƙi." Wallahi tun ranar da aka haife shi ban ji maganar da ta sanyaya mini rai kamar wannan ba. Ranar ban buɗe shago ba.

Saboda haka ina roƙonku, iyaye 'yan'uwana: daga gobe da safe yaran nan ba su da "ya karatu." Kada ku bar gurbin a buɗe, kada kuma ku cike shi da "an samu kuwa?" Ku leƙa ɗakin, ku zauna, ku tambaya, ku ba su damar cewa babu sauƙi. Ina roƙonku, maƙwabta da masu shagunan bakin layi: ku rage wasan nan, ba ku san sau nawa aka yi masa shi kafin ya iso gare ku ba. Ina roƙonku, malamai: wanda kuka kira sunansa kowace safiya shekara da shekaru, ku neme shi ko sau ɗaya bayan ya tafi.

Ku kuma 'ya'yana, ku dubi wanda ke zaune kusa da ku. Nan da wata shida wani zai samu wuri, wani ba zai samu ba, kuma wanda bai samu ba shi ne zai fara yin shiru. Ku kira shi. In bai ɗauka ba, ku je gidansu. In kuma kai ne duniya ta yi wa ƙunci har ka fara jin cewa rashinka ya fi, to ciwon ne ke magana, ba gaskiya ba. Faɗa wa mutum ɗaya a ranar, uwa ko uba, goggo ko malami ko likita. In na farko ya ce maka daina shirme, kamar yadda wani kafinta ya taɓa cewa, je ka wurin na biyu.

Na so ɗana ya zo yau ya zauna a gaba ku gan shi. Da safe na leƙa na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Yau babu sauƙi sosai, Baba. Amma je ka, goggo tana nan. Ka faɗa musu komai. Sai dai kada ka ce musu na warke, ka ce musu ina nan."

To, na isar da saƙo: yana nan.

Allah ya raya mana waɗannan yara, ya buɗe musu ƙofofin alheri, ya ba su haƙurin jira. Allah ya ba masu ciwon da ba a gani lafiya, ya haɗa su da kunnen da zai saurare su. Iyayen da suka riga suka rasa nasu, Allah ya sanyaya zukatansu. Allah ya saka wa malamai da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, a yi mini afuwa, ba zan tsaya ɗaukar hoto ba. Ana jirana a gida.

Na gode.