Hawa na Arba'in

A tashar motar garin Mokpo, tsohuwa Ok-bun tana karanta Littafi Mai Tsarki a hankali, tana bin layi da yatsa. Wani dattijo da ke gefenta ya leƙo.

"Iya, me kike karantawa?"

"Annabci a kan mutanen ƙasar Edom. Sun yi gida a ƙwanƙolin dutse, suka ce ba mai sauko da su. Allah ya ce shi zai sauko da su."

"Ai da manyan ƙasashe ake, ba da mu ba."

"Mu ƙanana ne yanzu? Ɗana fa a bene hawa na arba'in yake zaune a Seoul."

"Kai! Ana hango kogi daga can?"



"Haka matarsa ta ce a waya. Ni dai mai gadin gidan nake bar wa busasshen kifin da na kai musu, in juyo."