Tarwada a Cikin Ciyawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da dukan masu sauraro. Sunana Malam Habu, ina koyarwa a wata firamare a Agege.

Ɗalibaina haifaffun Legas ne, ba su taɓa ganin kifi mai rai ba sai a bahon masu sayarwa. Ni kuwa a bakin kogin Haɗeja na tashi, don haka na yi musu alkawarin za su kama tarwada da hannunsu. A watan Oktoba na ɗebi shida a motar haya, danfo, zuwa kogin Ogun, ina zaton ruwa ya fara janyewa kamar a gida. Muka tarar da shi cike, jawur, yana gudu. Awa biyu muna jefa fatsa tsakiya, shiru.

Wata ɗalibata, Maryam, ta ce, "Malam, ko kifin ma hutu aka ba su?" Kunya ta kama ni.

Sai wani dattijo masunci, Baba Isa, ya tsayar da kwalekwalensa yana dariya. Ya ce, "Malam, lissafin Arewa ka zo da shi! In kogi ya cika, kifi gefe yake komawa cikin ciyawa, can abincinsa yake. Ku sa tana a fatsa ku jefa nan kusa."

Kafin la'asar Maryam ta ciro tarwada, yara suna ihu har da Yarbanci.

Masuntan da ke sauraro, ku taimaka mini: a wane wata ruwan nan yake janyewa? Yaran sun hana ni sakat, sai mun koma. Ina gaida Baba Isa, Allah ya ƙara masa lafiya.