Dutsen da Ya Ƙi Nitsewa a Tankin Unguwa

Mai girma shugaban taro, wato Kawuna, iyaye mata, magini, da na ga ya zo da gudumarsa, jama'ar unguwa, assalamu alaikum. Na gode da kuka saurara da fasa tankin ruwanmu har sai na yi magana. Ku gafarce ni, a bara ne na gama karatun ilimin duwatsu.

Ranar Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, Gwaggo mai ɗinki ta karɓo makulli ta buɗe tanki ta ga dutse yana yawo a saman ruwa. Ta ce, “Wallahi kallona yake yi!” Kafin azahar an yanke hukunci tankin na da aljanu.

Jama'a, dutse iri uku ne. Akwai wanda yashi da laka suka kwanta bisa juna shekaru aru-aru har suka ƙanƙame. Akwai wanda zafi da matsi suka sauya wa kamanni a can ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma wanda ya narke sannan ya huce, namu yana cikinsu. Kumfa ce ta aman wuta, ta daskare da iska a cikinta, shi ya sa ruwa ke ɗaukarsa. Babu aljani. Magini, don Allah ajiye gudumar.

Sai dai akwai sauran bayani. An koya mana mu lashi dutse don ƙwayoyinsa su fito sarai. Na lasa. Sau biyu. Sannan na ɗora gilashin ƙara girma, na ga ramukansa cike da sabulu da busasshiyar fata. Jama'a, dutsen goge kaushi ne.

Ga abin da ilimi bai gano ba tukuna. Ban san daɗewarsa a ciki ba. Ban san ko ƙafa ɗaya aka tsoma ko biyu ba. Ban san yaushe harshena zai yafe mini ba. Ban kuma san mai shi ba, ko da yake Kawu ne ke riƙe da makullin tanki, kuma na lura yau, cikin wannan zafi, ya zo da safa. Lura ce kawai, Kawu, ba sakamako ba.

Shawarata, a wanke tanki, kada a fasa. Allah Ya ba mu ruwa mai tsabta, Ya raba mu da faso, Ya sa Kawu ya bar ni in kwana a gida yau. Na gode.